Ranar da Aka Kwance Gidan Yudin

Na gaji da maimaitawa. Tun da na dawo daga Barbados ba wanda zai gan ni bai tare ni da "Hajara, yaya ƙasar take?" ba. An tambaye ni a feri, jirgin ruwan da ke tsallakar da mu cikin gari, an tambaye ni a gidan suna a Buronks har shinkafata ta huce, waya kuwa matar yayana ta rantse in ta ƙara ƙara za ta tsinke ta daga bango. Abin haushin, kowa da amsar da yake so ya ji tun kafin in buɗe baki. Matan ma'aikatan jakadanci so suke in ce aljanna ce, don su matsa wa mazansu su kai su hutu. 'Yan jami'a so suke in ce bayi na gani da sarƙa a ƙafa. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Ga wanda bai san ni ba, ni 'yar Gusau ce. Na gama sakandare a Kano, na koyi tafireta, sannan Yaya Ilyasu, wanda yake akawu a ofishin jakadancinmu na nan New York, ya kawo ni wurinsa a Park Hill. Tun ranar da na sauka ya gindaya mini sharaɗi: ba zai ajiye ƙatuwar budurwa tana kallon talabijin ba. Ko aiki, ko Gusau. Na samu aiki a wani ɗan ofis a Manhattan da ke sayar da tikitin jirgi da shirya wa mutane yawon hutu. Mu biyu ne masu buga tafireta.

Wannan sanyin kasuwa ta mutu, tsadar mai ta sa mutane sun zauna a gida. Mai ofishin, Mista Belman, ya faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa ɗayarmu za ta tafi. Sai ga wani otal a Barbados ya aiko da gayyata, kyauta, kwana huɗu, ga masu sayar da tikiti su je su gani su dawo su yi talla. Ya kira ni ofishinsa ya ce yana so ya jawo baƙaƙen Amurka da ma'aikatan jakadancin Afirka, su ne masu tafiya yanzu.

"Ki je ki rubuto mini shafi ɗaya," in ji shi. "Zan sa hotonki a sama da wannan abin na kanki. 'Yar Afirka ta je ta gani da idonta. In ya yi kyau, kujerarki ta zauna."

Abin kaina ɗankwali ne. Ban gyara masa ba, na ce to.

Yaya bai so ba. Ya ce mace ita kaɗai a otal, a ƙasar da ko sunanta ba a sani ba a Gusau? Na ce Yaya, kai ka ce ko aiki ko gida, to wannan shi ne aikin. Ya yi tsaki ya ba ni goro guda goma sha biyu daga wanda wani ya zo masa da shi daga Legas, ya ce in riƙe ko zan gamu da dattijo.

Na fito da safe dusar ƙanƙara har idon sawu, da atamfa a ƙasa, kwat ɗin matar Yaya a sama, da takalmin roba na maza. Bos zuwa feri, feri zuwa Manhattan, sobwe, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, sannan wani bos zuwa filin jirgi. Wallahi daga ɗakinmu zuwa bakin jirgi ya fi wahala a kan daga New York zuwa Barbados. A jirgi na zauna kusa da wata Baturiya cikin ayarinmu, ta tambaye ni ko murna nake zan koma gida. Na ce mata gidanmu yana wancan gefen tekun. Ta ce ai duk rana ɗaya ce. Na juya wa taga.

Da aka buɗe ƙofar jirgi sai zafi ya mare ni, irin na Legas mai ɗanko, ba irin namu ba. Na tsaya a layi da kwat a hannu kamar wadda ta sato shi. Jami'in shige da fice baƙi ne wuluk, ya fi Yaya baƙi. Ya ga koren fasfo sai ya ɗago kai.

"Najeriya? Afirka ta ainihi?"

Na ce ban san akwai ta jabu ba. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gan ni. Amma dariyar ba ta hana shi neman katin allurar shawara da tikitin komawa ba, abin da bai nemi ko ɗaya daga Turawan ayarinmu ya nuna ba. Na faɗa masa haka. Ya ce doka ce, 'yar uwa. Ɗan kwastan kuma ya ci karo da goro. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce ba a shigo da iri ƙasar. Na ce ba shukawa zan yi ba, ci ake yi. Ya ƙwace tara. Ukun da suka rage suna ƙulle a bakin zanena, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Motar otal ta kwashe mu. Har yanzu hannun hagu suke bi, kamar yadda muke yi kafin a juya mu shekara biyu da suka wuce, sai na ji kamar ina hanyar Zariya. Rake ko'ina. Ban taɓa ganin rake haka ba, daga bakin kwalta har inda ido ya ƙare. Mu a gida a sha a tofar, ko a yi mazarƙwaila. Su nasu sukari ake yi a loda a jirgin ruwa zuwa Ingila, sauran a yi giya. Lokacin sara ne, na ga mutane da adda. Direban ya ce mini da yawansu ba 'yan ƙasar ba ne, daga tsibiran maƙwabta ake kawo su, don samarin nan sun ce kakanninsu sun sare rabonsu. Ya ce ɗansa gara ya ɗauki tire a otal. Na tambaye shi ko ya ji daɗin haka. Ya ce, "Rake ya ci babana. Otal bai ci kowa ba tukuna." Wannan "tukuna" shi ya faɗa, ba ni na ƙara ba.

Abu na biyu da na lura da shi gidaje ne. Ƙananan gidajen katako, fes-fes, da fenti da labule, amma ba tushe. A kan duwatsu aka ɗora su kawai, kamar yadda muke ɗora rumbu. Na ɗauka don ruwa ne.

Otal ɗin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ɗakina ya fi falonmu na Park Hill girma. Teku a bakin taga, ruwan garau har kana ganin yatsun ƙafarka. Ma'aikata duk baƙaƙe, manaja da mataimakinsa Turawa. Abinci ne ya fara ɓata mini rai. Da safe naman alade iri uku, sai na tsaya kan burodi da ƙwai. Da rana aka kawo kifi, na ce yauwa, ga teku ga kifi. Na tambayi mai kawo abinci sunan kifin, ya sunkuyo ya ce daga Kanada ya zo a ƙanƙare. Ruwan abarba daga gwangwani. Dankali, nama, tuffa, har man shanu, duk jirgi ya kawo. Na tambayi manajan dalili a gaban kowa. Bai ji haushi ba, ya ce baƙo ɗari biyu ba za su jira ko masunci ya yi sa'a yau ba, kuma baƙi abin da suka saba ci a gida suke nema. Ya ce yana sayen ƙwai da kaji da ganye a nan. Amsa ce, na rubuta ta kamar yadda ya ba ni.

Da la'asar aka yi mana wasa a bakin kududdufin wanka. Samari suka zo da gangunan ƙarfe da aka yanka daga duro, kiɗan nan kam ya yi daɗi. Sai wasu 'yan mata suka fito da bante na ciyawa suna ihu, mai sanarwa ya ce rawar Afirka ce. Duk ayarin suka juyo suna kallona. Na ce ni dai a garinmu in mace ta fito haka, rufe ta ake yi da zane a kai ta wurin mai magani.

Washegari na tashi na yi salla, na gyara gado, na wanke banɗaki, na jera komai. Sai aka ƙwanƙwasa. Wata mata ce mai jiki, za ta yi sa'ar babbar yayarmu, da tsintsiya da zannuwan gado. Na rusuna na gaishe ta, na ce ta bari na riga na yi. Mu a gidanmu yarinya ba ta miƙe ƙafa babba tana gyara mata shimfiɗa.

Ta dubi gadon, ta dube ni, ta riƙe ƙugu.

"Ke, 'yar Afirka, in kin yi aikina ni kuma me zan yi? So kike a ce ɗaki mai lamba goma sha huɗu ba ya bukatar Yudin?"

Ta yaye zanen gadon da na shimfiɗa ta sake sabo, tana nuna mini yadda ake naɗe kusurwa. Ta ce nawa kamar an ƙulle kaya za a gudu. Daga nan muka saba. Sunanta Yudin, 'ya'yanta biyu suna sakandare, don a can gwamnati ce ke ɗaukar karatu. Ranar Asabar ta ce mini gobe ba zan gan ta ba, tashin gida za su yi. Na ce wane irin tashi? Ta ce filin da gidansu yake kai, can gaba a bakin ruwa, haya suke yi tun zamanin babanta, yanzu mai filin ya sayar wa masu gina sabon otal. An ba su wa'adi.

A nan na gane dalilin duwatsun nan. Gidan naka ne, ƙasar ba taka ba ce. Ranar da mai ƙasa ya ce tashi, sai ka kwance gidanka ka ɗauka.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da ke gyara wa baƙi gado, an kore ta daga gidan ubanta don a ƙara wa baƙi gadaje. Na ce mata zan zo. Ta ce in zo mana, akwai abinci.

Ranar Lahadi an shirya wa ayarinmu yawo a jirgin ruwa, kuma an ce dole kowa ya je, shi ne babban abin da za mu tallata. Ban je ba. A garinmu in gobara ta ci gidan mutum, ko ruwa ya rushe shi, ko hukuma ta tashe shi, ba ka tafiya shaƙatawa. Jaje kake zuwa. Na sa atamfata mafi duhu, na yafa mayafi, ban sa jan baki ba, ban sa 'yan kunne ba, na ɗauki gorona uku na hau bos.

Tun daga nesa na ji rediyo. Na tarar da mutane sun fi talatin, maza a kan rufi da guduma, mata a gindin murhu, yara na tsalle-tsalle, wata babbar mota a tsaye. Gayya ce sak irin tamu. Ban bari hayaniyar ta ruɗe ni ba. Na nemi babbar gida, aka nuna mini wata tsohuwa a kan kujera a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, da hular coci a kanta. Mahaifiyar Yudin ce, Mama Ayona. Na je na durƙusa a gabanta har ƙasa, na sunkuyar da kai, na shiga jero abin da ake jerowa, da Turancin da na iya juya shi: sannu, sannu, ashe abin da ya faru ke nan, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya mayar da alheri, Allah ya saka muku.

Tsohuwa ta dafe ƙirji.

"Yudin! Yudin! Zo nan! Wa ya mutu?"

Gudumomi suka tsaya. Yudin ta fito da muciya a hannu.

"Ba wanda ya mutu, Mama. Ke, me kika ce mata?"

Na ce jaje na zo yi, an kore ku.

"An kore mu?" Ta ɗaga muciyar kamar za ta ƙwala mini. "Yarinya, shekara tara ina naɗe kusurwar gado. Na sayi fili. Nawa. Da takarda, da sunana a kai. Can kan tudu. Yau gidan nan zai sauka a ƙasar da ba mai cewa ya tashi. Kin zo mini da fuskar makoki ranar da na fi kowace rana farin ciki?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage. Ina durƙushe ban san yadda zan miƙe ba, sai wata murya daga kan rufi ta ce, "Ku bar ta. Duk taron nan ita kaɗai ce mai hankali."

Wani dogo ne siriri, ya diro da guduma a hannu. Ƙanen Yudin, Kalbin, masunci. Ya ce in tashi, ya karɓi jajen a madadin gidan.

"Zo ki gani, 'yar uwa."

Ya ja ni bayan gida. Taku kaɗan sai yashi, sai ruwa, ga kwalekwalensa mai inji an jawo shi kan tudu. Ya ce daga gadonsa yake jin ko teku ta yarda a fita. Ya nuna mini otal ɗin da ke gefe, da katangar da ta sauko har kusa da ruwa. Ya ce a doka bakin teku na kowa ne, ba mai hana ka. Amma ta ina za ka bi ka iso? Otal na manne da otal, hanyoyin da suka taso suna bi duk an toshe. In ka iso kuma mai gadi ya tsaya yana kallonka har ka ji kamar sata ka zo. Ya ce in an gama ginin nan ba za a bar shi ya feɗe kifi a gaban baƙi masu shan rana ba.

"Kifinka kuma ba sa saya," na ce, don na riga na sani.

"Ki faɗa wa Hajiyar otal," in ji shi, yana nuna yayarsa da baki. Ba Hajiya ya ce ba, amma abin da yake nufi ke nan.

Yudin ta biyo mu, ba ta ajiye muciyar ba.

"Faɗa mata sauran mana, Kalbin. Faɗa mata wa ya sayi injin da ke kan kwalekwalen. Kifi ne? Faɗa mata watannin da ba kifi wa ke sa tukunya a wuta."

"Ke kuma faɗa mata watannin da ba baƙi. In zafi ya zo ƙasarsu suka daina zuwa, ba gida ake turo ki ki zauna ba? Ranar da mai ya ƙara tsada jirage suka daina sauka, gado za ki dafa wa yara?"

"Gara gado da rake."

"Wa ya ce rake? Na ce ƙasa. Ana sayar da bakin ruwa taku-taku, ribar tana komawa inda masu otal suka fito. Jikokinki a hoto za su ga teku."

"Jikokina za su zama manajoji."

"Shekara tara, kin ga baƙin manaja a otal ɗinku?"

 Sai ta juyo kaina, kamar ni na yi tambayar.

"Ke da kike tausayina, me kike yi a New York? Ba wa Bature kike buga takarda ba? Rabin 'yan ajinmu suna Buruklin da Landan, suna wanke tsofaffin wasu, 'ya'yansu na nan wurin kaka. Ni ina wanke banɗaki, amma da yamma a gidana nake kwana, ina ganin 'ya'yana. Kada ki ƙara yi mini sannu."

 

Mama Ayona ce ta raba, ta ce a kawo mata baƙuwa. Na kwance bakin zane na miƙa mata goro da hannu biyu, na ce a wurinmu wannan ake ba manya. Ta gatsa, ta yamutsa fuska, ta tofar, ta ce Afirka ba ta son tsofaffi. Ta sa aka kawo mini wani abin sha nasu da ake dafawa da ɓawon itace, mobi. Na kurɓa, da farko zaƙi, daga baya ɗaci ya taso kamar maɗaci. Ni ma na yamutsa fuska. Ta yi ta dariya har hularta ta karkace, ta ce yanzu mun yi daidai.

Sai abinci. Jama'a, tuwon masara ne. Tuwon masara da kuɓewa, sai dai su a cikin tuwon suke tuƙa kuɓewar, suna kiransa kuku. Aka zuba romon wani ɗan kifi mai fiffike da Kalbin ya kamo. Na tabbatar ba alade a ciki, na wanke hannu na sa. Suna ci da cokali mai yatsu, suka tsaya kallona. Tsohuwa ta ce haka kakarta take ci. Kwana uku ina otal, ranar ce na fara ƙoshi.

Gidan kuwa kafin azahar ya zama falle-falle. Bango huɗu, kowanne guda, rufi biyu, daɓen katako, ƙofa, tagogi. Aka jingina su a babbar mota. Na naɗe mayafina na yi gammo, na ɗora taga a ka na kai mota ba tare da na riƙe ba, mata suka yi ta tafi. Har duwatsun da gidan yake kai aka kwashe. Abin da ya rage a filin sai wani murabba'in ƙasa mai duhu da bishiyar mangwaro. Mama Ayona ta ƙi tashi daga ƙarƙashinta sai da aka ɗaga ta. Mijinta ne ya shuka. Ta ce mini gidan nan sau huɗu ana kwance shi a rayuwarta, wannan ne na ƙarshe, ta gode wa Allah da Yudin. Tana faɗa tana share hawaye, idonta a kan mangwaron.

Muka hau bayan mota tare da bangaye, muka bi ta cikin rake muka hau tudu. Kafin rana ta faɗi an tayar da gidan, an rataya labule, an kunna rediyo. Daga sabuwar ƙofar, teku wani siririn zare ne can ƙasa. Kalbin ya tsaya yana kallonsa. Bos biyu zai riƙa hawa kafin ya isa kwalekwalensa, in ma an bar kwalekwalen a wurin.

Da zan tafi na ce wa Yudin barka, Allah ya sanya alheri. Na juya na ce wa Kalbin sannu, Allah ya kawo mafita. A tsakar gida ɗaya, a numfashi ɗaya. Ba wanda ya yi dariya wannan karon.

Dawowa ba labari, sai sanyi da wani jami'in Amurka da ya juya fasfona kamar yana neman kwarkwata. Ranar Talata na zauna a tafireta. Shafi ɗaya aka ce, uku suka fito. Na rubuta cewa ruwan yana da kyau, ɗakuna tsaf, mutane masu fara'a, ba wanda ya cuce ni. Na rubuta rake da masu saransa, da kifin Kanada, da amsar manaja. Na rubuta filin Yudin da katangar Kalbin. Na ce wanda zai je ya je, amma ya fita daga otal ya ci kuku, ya san a kan filin wa yake kwance.

Mista Belman ya karanta a tsaye. An riga an buga masa waya cewa ban hau jirgin ruwa ba. Ya ɗauki jan biro ya bi takardar, ya miƙo mini. Abin da ya bari: ruwa, ɗaki, fara'a, ganguna, da Yudin. Yudin ɗin ma rabinta, mata mai murmushi da otal ya saya wa gida. A ƙasa ya ƙara da hannunsa cewa na ji kamar na koma Afirka.

"Ba ƙarya a ciki," in ji shi. "Duk ke kika rubuta, ban da layin ƙarshe."

Na ce akwai Kalbin.

"Ni tikiti nake sayarwa, Hajara. Ba wanda zai biya kuɗin jirgi ya je ya ji kukan masunci."

Na ce ban ce ya cire otal ya bar masunci ba, cewa na yi ya bar su duka. In wuri ne babu, a cire hotona.

"Hoton shi ne tallar."

Na ce to zan buga masa takardarsa, aikina ne buga abin da aka ba ni. Na zauna na buga ta tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Inda ya ce in sa sunana na bar wurin fari. Ya ce in cike. Na ce sunan ubana ne a jiki, ba zan sa shi a ƙarƙashin rabin magana ba. Ya ce in yi tunani zuwa Juma'a. Na ce ba sai Juma'a ba. Ranar Juma'ar dai ita ce ta ƙarshe, abokiyar aikina ta riƙe kujera. Ba na jin haushinta, tana da yara.

Labari ya bazu. Ranar Asabar sai ga Bashir, wani ɗan Katsina da ke karatun tattalin arziki a jami'a, ya hawo feri takanas ya zo gidanmu. Ya ce ƙungiyarsu ta ɗalibai tana taro kan sabon mulkin mallaka, in zo in karanta abin da na rubuta, na zama jaruma. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ba shi kwafin ya duba. Ya karanta, ya ciro biro. Nasa shuɗi ne.

"Wannan wurin na matar nan da filinta, a cire. Zai raunana hujja. Ba ta waye ba ne, ba ta san ana cutarta ba."

Na ce, "Malam Bashir, ka taɓa naɗe kusurwar gado?"

"Ba wannan ba ne batun, Hajara."

"Ka je ka faɗa mata ba ta waye ba. Ka tabbata dai ba muciya a hannunta."

Na karɓe takardata. Ya tafi ko shayin bai shanye ba.

Yaya Ilyasu yana zaune duk abin nan. Da Bashir ya fita ya miƙo hannu, na ba shi. Ya sa tabarau ya karanta shafi ukun a hankali, har ya koma ya sake karanta wurin faɗan Yudin da ƙanenta.

"Shafi ɗaya aka ce ki rubuta, Hajara. Shafi ɗaya kika kasa."

"Ban kasa ba, Yaya. Ƙi na yi."

"To ƙin naki ya ci aiki. Kin san maganarmu."

"Na sani."

"Wata ɗaya. In ba ki samu wani ba, zan yanka miki tikiti."

Na ce na ji. Ranar Litinin ina da gwajin tafireta a ofishin wani asibiti a Buronks, ranar Laraba wani a Buruklin. In na ci, na ci. In ban ci ba, Gusau ba kurkuku ba ce, kuma zan sauka da fuskata a sake.

Na miƙa hannu in karɓi takardata, sai ya janye. Ya ce maigidansu a ofis yana shirin kai iyalinsa can hutu, gara ya karanta wannan kafin ya tafi. Na ce duka ukun, Yaya, ba a cire ko layi. Ya harare ni ta saman tabarau, ya ninke su ukun ya sa a aljihun kwat. Bai ce ta yi kyau ba. A kan wata ɗayan kuma bai ƙara mini ko kwana ɗaya ba.